Taken Ari da Mai Ƙanƙara

Ranar da suka fara haɗuwa, ita ce ta ga Babagana. Shi kam idonsa a buɗe yake, amma ba abin da yake gani.

Yammacin Lahadi ne a Diffa, an tashi daga dambe, jama'a na ta ɓarkowa daga fili. Ari ya sha ƙasa a turmi na biyu. Wani matashi ne daga Gashuwa, wanda gemu ma bai gama tsiro masa ba, ya auna masa ɗaya a muƙamuƙi, sai ga Ari zaune a kan rairayi yana kallon hannunsa. Mutanen bakin kogi, waɗanda Ari nasu ne, suka fito wasu na zagin alƙalin wasa, wasu na rantsuwa asiri aka yi masa. Wani tsoho ya zauna a gefen hanya, ya rufe fuska da hularsa yana kuka kamar an aiko masa da rasuwa.

Babagana bai yi zagi ba, bai yi kuka ba. Ƙafarsa ce ta kai shi kantin da ke kallon ƙofar filin, ya sayi ruwan leda, ya tsaya riƙe da shi.

Kantin na Alhaji Jibirin ne, Badamagare mai sayen busasshen tattasai buhu-buhu, kuma 'yarsa Fa'iza ce ke kula da firji da ƙanƙara duk ranar dambe. Ta sallami masu saye har suka ƙare, mutumin nan yana nan inda ta bar shi.

"Malam," ta ce, "ruwan sha ka saya ko na riƙewa?"

Ya dubi ledar kamar yanzu aka saka masa ita a hannu. "Na sha ne."

"To ai ya kusa zama shayi. Naku ne ya faɗi?"

"Namu ne."

"Sannu. Amma kai ba ka yi kama da su ba. Ga masu zagi, ga mai kuka, kai kuwa ko gezau."

"Ba na jin komai," ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barebari. Bai san me ya sa ya gaya mata ba. Ko mahaifiyarsa bai taɓa gaya wa ba.

Fa'iza ta ɗan dube shi, dariyar da ta taso mata ta koma. Ta buɗe firji, ta fasa ɗan gutsuren ƙanƙara, ta ajiye masa a kan teburi.

"Riƙe wannan. Idan hannunka ya fara zafi, ka san kana nan."

Ya riƙe. Can sai tafin hannunsa ya fara zugi, ruwa na bin gwiwar hannunsa. A lokacin ne ya ɗaga kai ya gan ta: doguwa, baƙa, da ɗan wushirya, da mayafi ruwan ganye da ta ɗaure a ƙugu saboda aiki.

"Ya yi zafi?" ta ce.

"Ya yi."

"Alhamdu lillahi. Sai ka sha ruwanka."

Bari in gaya muku yadda Babagana ya zama haka, don kada ku ɗauka girman kai ne.

Ƙauyensu a bakin Komadugu yake, gabas da Geskeru. Shekarar gudun hijira suka fita da abin da ke jikinsu kawai. Mahaifinsa, Ba Mohammed, ya koma ɗauko injin ban-ruwa, bai sake fitowa ba. Babagana ya kawo mahaifiyarsa Yakaka bakin kwalta, suka zauna a rumfar zana, daga baya ya samu aron gona a Shetimari ya koma noman tattasai. Bai yi kuka ranar ba, bai yi a zaman makoki ba, bai yi bayansa ba. Mutane suka ce yaron akwai tawakkali. Shi dai ya san ba tawakkali ba ne, wani abu ne ya daskare masa a ƙirji. Yana cin abinci, yana salla, yana aiki, amma duk kamar wani ne ke yi shi yana kallo.

Daga ƙauyen nan ba abin da ya rage a tsaye sai Ari. Tun gari na gari ya koyo dambe a wajen mahauta a ƙetaren kogi, kuma tun lokacin wani makaɗi mai suna Rufa'i ya yi masa take, wanda ake kaɗawa a bakin ruwa bayan an kwashe tattasai. Duk sanda kalangu ya ɗauki taken nan, Babagana sai ya ji zuciyarsa ta motsa. Sai ya ji ƙamshin bandar kifi, ya ji kafaɗar mahaifinsa a gefen tasa. Ɗan lokaci ne, amma shi ke nan abin da yake da shi.

To a dambe, idan makaɗi ya kaɗa taken mutum, ba ya zama. Ko zazzaɓi yake yi sai ya miƙe ya ɗaura zare a hannu ya shiga fili. Ari ya manyanta, samari sun taso, Rufa'i da kansa ya fara tsallake takensa. Sai Babagana ya riƙa zuwa tun kafin a fara, da goro da ƙullin garin tattasai, ya durƙusa ya ce, "Baba Rufa'i, kada ka manta da namu." Rufa'i ya kaɗa, Ari ya tashi, Ari ya faɗi. Babagana ya koma Shetimari ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Da Lahadi ta zagayo kuma ya sake ɗaure ƙulli.

Abin mamaki, tun da suka baro gida bai taɓa tsayawa gaban Ari sun gaisa ba. Daga nesa yake son sa.

Bayan ranar ƙanƙara, Babagana ya gano cewa tattasansa ba ya sayuwa da kyau sai a kantin Alhaji Jibirin. Buhu ɗaya ma sai ya hau kabu-kabu ya kawo shi da kansa. Fa'iza ta raɗa masa suna Malam Shiru, shi kuma ya ajiye lambarta a salularsa da sunan Mai Ƙanƙara.

Ita ce mai yawan rubutu.

"Malam Shiru, ina kwana? Yau kalma nawa ka tanadar min? Jiya ka ce min 'to' da 'madalla', har na kasa barci don daɗi."

Sai ya zauna a bakin kwalbatin gona, injin na ta tuttura ruwa, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge.

"Lafiya lau, Mai Ƙanƙarata. Tattasai ya fara ja. Na ga wani ya fi sauran kyau, na ƙi tsinka. Naki ne."

"Kai, ashe Barebari sun iya zance. Tattasai ɗaya tal? Da shi zan yi miyar gidanka?"

"Gonar duka taki ce. Wannan na gani ne kawai."

Ranar da ya kawo mata shi, ya naɗe shi a tsumma ya ɗaure da shuɗin zaren komar kamun kifi. Guntun komar mahaifinsa ce da ta biyo su a cikin kaya, da zarenta yake ɗaure duk abin da yake girmamawa. Fa'iza ta rataye tattasan a jikin firji, ta hana kowa taɓawa.

"Kana sona, Malam Shiru?" ta tambaye shi wata rana, tana jera lemo ba ta dube shi ba.

Ya ce, "Idan ina nan, ba na son in tafi. Idan na tafi, ina duba rana ko ta yi in dawo. Ban san sunansa ba, na daɗe ban ji abu ba."

"Sunansa ke nan," ta ce a hankali. "Ni ma shi nake ji."

Amma Lahadi ba ta daina zuwa ba. Ari ya faɗi a hannun wani ɗan Maine, Babagana ya ɓace. Saƙonninta suka taru a salula, yana gani, yatsansa ya ƙi motsi.

"Ka isa gida lafiya?"

"Malam Shiru, ko 'to' ɗin ma babu?"

"Na ga ka karanta. Idan wani laifi na yi, ka faɗa min."

Ba laifin da ta yi. Kwance yake a ƙarƙashin bishiyar bedi yana kallon ganye, injin a kashe, kunya biyu ta tattasai ta yi yaushi. Yakaka ta kawo masa abinci ta mayar. Da ya farfaɗo ya ba Fa'iza haƙuri, ta haƙura. Ya sake, ta sake haƙura, amma dariyarta ta ragu.

Ana cikin haka Sufyan ya zo daga Damagaram. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, ya buɗe shagon salula a kasuwa, ga fara'a ga turare, kuma shi mutum ne da wayarsa ba ta ƙara sau biyu bai ɗauka ba. Ba mugu ba ne, wallahi. Yana son Fa'iza, ya faɗa a fili, kullum kuma yana kanti yana taya ta ɗaga akwatunan lemo. Babagana ya zo wata rana ya hango su suna dariya, ya juya da buhunsa ya sayar a wani wuri. Kishi ma bai zo masa da zafi ba. Ya dai ji abin da ke ƙirjinsa ya ƙara nauyi.

Fa'iza ce ta matsa wa mahaifinta ya kira Babagana su gana. Alhaji ya sa ranar Litinin. Ran Lahadi kuwa yaron Gashuwa ya dawo, ya sake zaunar da Ari tun a turmin farko.

Babagana ya zo, ba a ce bai zo ba. Ya sa farar rigarsa, ya cire takalmi, ya durƙusa a zauren Alhaji. Amma gangar jikin ce kawai ta zo. Alhaji ya tambaye shi gona, ya ce "lafiya." Ya tambaye shi inda zai ajiye mata, ya yi shiru yana kallon tabarma. Ya tambaye shi manyansa, shiru.

Alhaji Jibirin ya ajiye carbinsa.

"Babagana, na san tattasanka. Ba ka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, ba ka cusa ruɓaɓɓe a tsakiyar buhu. Ba ni da ƙorafi a kan sana'arka, ba ni da shi a kan asalinka. Gudu kuwa ba abin kunya ba ne, kowa a garin nan ya san abin da ya koro ku. Amma ina zaune a ƙofar filin nan, ina ganin ku. Wani ya sha naushi, kai ka suma a tsaye. To idan Ari ya faɗi ranar da matarka ke naƙuda fa? Wa zai nemo mota?"

Alhaji ya sake ɗaukar carbinsa.

"Ba zan yi wa 'yata dole ba, ko a kan Sufyan ko a kan wani. Amma ba zan ɗauke ta da hannuna in ba mutumin da ba ya nan ba. Tashi ka je, Allah ya sawwaƙe maka."

Ya fita. Ya san ya rasa ta, ya san abin baƙin ciki ne, amma sanin a kansa kawai ya tsaya. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Bai kai tasha ba saƙo ya shigo.

"Babagana. Yau ba zan ce maka Malam Shiru ba. Ka biyo ta kanti yanzu. Ba zance za mu yi ba, aike zan ba ka."

Ya same ta tsaye, idonta ya yi ja. A kan teburi akwai ƙatuwar ƙanƙara naɗe a buhu, a gefenta kuma wani ɗan ƙulli ɗaure da shuɗin zare.

"Baba Rufa'i ya manta da wannan a nan jiya," ta ce. "Na gane zaren. Na tambaye shi, ya gaya min wanda ke kawo masa, da abin da ake roƙonsa."

Ta tura ƙullin gabansa.

"Ka san wa ke sayen ƙanƙara a wajena duk yammacin Lahadi, bayan kowa ya watse? Matar Ari. Ta dawo Litinin, ta dawo Talata. Kullum tana cewa Allah ya isa tsakaninta da mai sa a kaɗa taken nan, ni kuma ina cewa amin. Ashe kai nake yi wa."

Ta nuna masa buhun ƙanƙarar.

"Yau ba ta iya zuwa ba, ba mai zama da shi. Ɗauki ka kai. Ina sonka, ka sani, ko Sufyan ya sani. Amma Baba bai yi ƙarya ba."

Gidan Ari a bayan gari yake, cikin unguwar da 'yan gudun hijira suka mayar da zana ta zama katanga. Kafin Babagana ya isa, ƙanƙarar ta jiƙa masa farar riga har ciki. Ya yi sallama, wata mata ta leƙo, ta ga buhun, ta ce ya shigo.

Ari na zaune a tabarma, ya jingina da bango. A fili ƙato ne, a nan kuwa dattijo ne mai furfura a gemu. Leɓensa ya kumbura, matarsa na ba shi kunu da cokali don ba ya iya tauna. Hannun daman nan da gari guda ke alfahari da shi yana kan matashi, ya kumbura har yatsun sun ƙi haɗuwa.

Ari ya karkato da kai gefe guda ya dube shi.

"Wa nake gani? Ɗan Ba Mohammed? Kai ne ka zama mutum haka? Zo ta dama, ta hagun nan hayaƙi kawai nake gani."

Babagana ya zagaya ya durƙusa. "Yaya Ari, idon ne?"

"Ya daɗe. Yaran sun gane, shi ya sa duk ta nan suke zuwar min. Likita ya ce in aka ƙara taɓa kan nan da kyau, ɗayan ma zai bi shi."

"To me ya sa ba ka bari ba?"

Ari ya yi 'yar dariya, ta yi masa zafi, ya daina.

"In bari yaya? Ina zuwa filin ne in zauna cikin mutane, in ji Barbarci, in ga fuskokin gida. Sai in ji an kaɗa. In na ƙi tashi, mutanenmu da me za su koma? Ba su da gona, ba su da kogi, ni kaɗai suke nunawa su ce namu. Kullum ina roƙon Allah Rufa'i ya manta da ni, kullum sai wani ya tuna masa. Ko wane ne, sona yake yi, na sani. Amma son nan zai makantar da ni."

Matar ta fasa ƙanƙarar, tana ƙunƙuni. Babagana ya kalli hannun, ya kalli cokalin kunun.

"Ni ne, Yaya."

Matar ta tsaya cak. Ari ya kalle shi da ido ɗayan.

"Kai ne," ya ce. Ba faɗa a muryarsa. "Ranar da na fara buge mutum a bakin ruwa, ubanka ne ya ɗaga hannuna. Kana kan kafaɗarsa." Ya tura masa hannun. "To riƙe min ƙanƙarar, matata ta gaji."

Babagana ya ɗora ƙanƙarar a kan kumburin ya riƙe. Hannunsa ya yi zugi, ya mutu, ya sake zugi, bai saki ba sai da ta narke.

Lahadi ta zo. Bai ɗaure ƙulli ba, amma ya san hakan ba zai isa ba. Yaron Gashuwa na ta zagaya fili yana nuna inda Ari ke zaune, mutanen bakin kogi kuma jininsu ya hau. "Na Ari, Rufa'i, na Ari," suke ta kira. Ari na kan benci, zaren dambensa a cinya, kansa a ƙasa.

Rufa'i ya gyara kalangu a hammata, ya ɗaga makaɗi.

Babagana ya ratsa mutane, ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar kalangun.

Fili ya yi tsit. Ba a taɓa wa makaɗi ganga, kowa ya sani. Babagana ma ya san abin da yake kashewa. In ba taken nan, ba sauran ƙamshin banda, ba sauran kafaɗar mahaifinsa.

"Baba Rufa'i, ka yi haƙuri," ya ce. "Ni na riƙa roƙonka ka kaɗa. Yau ina roƙonka ka bari."

Tsohon nan mai kuka da hula ya taso. "Kai ɗan wa? So kake a ce garinmu ba namiji? So kake ka ƙarasa mana garin?"

"Garin ya riga ya tafi, Baba." Muryar Babagana ta fito da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. "Ari ne ya rage. Ido ɗaya gare shi, da shi yake ganin 'ya'yansa. Mu muna komawa gida da baƙin ciki, shi yana komawa da cokali. Wanda ke son a kaɗa, ya zo ya ɗaura zaren da kansa."

Aka yi masa ihu. Wani ya jefe shi da ledar ruwa, wani ya ce soyayyar 'yar Damagaram ce ta lalata shi. Bai ɗauke hannunsa ba. Rufa'i ya dube shi, ya dubi Ari, sai ya juya baya ya ɗauki taken wani yaro ɗan Diffa. Yaron ya yi tsalle ya shiga, hankalin jama'a ya koma can.

Ari bai tashi ba. Ya naɗe zarensa a hankali ya sa a aljihu.

Da aka tashi, Babagana ya nufi kanti. Fa'iza ta miƙa masa ruwa, ya fasa ya shanye a take.

"Yaya kake ji?" ta ce.

"Tsoro. Da kunya. Ƙafata ma rawa take."

"Malam Shiru," ta ce, hawaye na zubo mata tana murmushi, "har abu uku?"

Alhaji Jibirin na zaune a kujerarsa ta ƙofa, yana kallonsu. Washegari da hantsi ya kira lambar Babagana. Ƙara ɗaya aka ɗauka, ga ƙugin inji a bayan murya.

"Kana ina?"

"Ina gona, Alhaji. Ina ba tattasai ruwa."

"Ran Litinin, washegarin dambe?"

"Ran Litinin, Alhaji."

Alhaji ya yi gyaran murya. Bai ba da kai nan take ba, Badamagare ne. Sai da ya bari Litinin ta yi ta zuwa tana wucewa, yana kira ana ɗauka, har aka kwashe tattasai aka shanya. Ba wai Babagana ya warke ba ne. Akwai ranakun da abin ke dawo masa, sai dai yanzu yana rubuta mata, "Yau ya zo, Mai Ƙanƙarata. Ina nan, amma a hankali." Ita kuma ta ce, "Ina jira, ba inda za ni." Rannan Alhaji ya tsayar da shi bayan an auna buhuna.

"Wa zai zo min a madadin mahaifinka?"

"Akwai yayana," in ji Babagana.

Sufyan ya ji labari, ya yi kwana biyu bai zo kanti ba, sannan ya zo ya ce shi zai kafa rumfunan biki. Ya ce wa Babagana, "Ka riƙe ta da kyau. Kuma don Allah ka zo in canza maka salular nan, ta tsufa."

Da safe aka ɗaura auren, a ƙofar gidan Alhaji Jibirin. Damagarawa a gefe, mutanen bakin kogi a gefe, har da tsohon mai hula, wanda ya zo yana cewa shi don Ba Mohammed ya zo. Ari ya sha babbar riga, ya zauna gaban liman a matsayin wakilin ango. Da aka tambaya, ya ce, "Na karɓa masa," muryarsa ta cika rumfar. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino.

Babagana na zaune ana ta miƙo masa hannu. Yana murna, ya san yana murna, amma daga nesa-nesa, kamar yadda ya saba.

Sai ga Rufa'i da kalangunsa. Ya matso ya ce, "Ango, yau ma za ka riƙe min ganga?"

Kafin ya amsa, Ari ya ce, "Kaɗa, Rufa'i. Yau ba wanda zai buge ni."

Rufa'i ya ɗauki taken, a hankali, ba irin na fili ba, irin yadda ake kaɗa shi a bakin ruwa idan an gama kwashe tattasai. Ari ya miƙe, don ba a kaɗa wa mutum takensa ya zauna. Ya tako har gaban Babagana, ya kama hannunsa da hannun nan mai tabo, ya ɗaga shi sama a gaban jama'a.

Abin da ya daskare tun shekarar gudu ya saki. Babagana ya fashe da kuka a tsaye, da babbar rigarsa da hularsa, kuka mai sauti, yana kiran mahaifinsa da Barbarci. Ba wanda ya ce ya yi shiru. Tsohon mai hula ya rufe fuska, Alhaji Jibirin ya juya yana gyara rawaninsa da bai kwance ba. A cikin gida Yakaka ta ji muryar ɗanta, ta ce wa matan da ke kewaye da ita, "Ku bar shi, tun can nake jiran wannan."

Can salularsa ta yi motsi a aljihu.

"Angona, an ce min kana kuka a ƙofar gidanmu. Mutuncina fa?"

Ya share ido da hannun riga, ya rubuta, bai goge ko kalma ɗaya ba.

"Gaskiya ne, amaryata. Na kasa dainawa."

"In aiko da ƙanƙara?"

"A'a, Fa'iza. Bar ta a firji. Ina jin komai."

Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa tattasansu ya yi ja, ya bar wa Ari idonsa, ya jiƙan waɗanda ba su fito ba. Babagana ya ce amin da muryar da ta dushe, hannunsa har yanzu yana cikin na Ari.